Don Allah a taimaka: kulocin helikwaftana yana kamawa a silo, a sama kuma yana sulɓewa

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina gaida manyanmu, da fatan an tashi lafiya. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule, jiya ko barcin kirki ban yi ba.

Jirgin nawa ƙaramin helikwafta ne mai rimot, Raptor 50, mai inji, ba na batir ba, injin O.S. 50 ne a cikinsa. Na hannu na saya. Asalin mai shi maƙwabcin yayana ne da ya yi karatu a Malesiya, shi ya taho da shi, ya ɗan tashe shi na wani lokaci, da aure ya zo ya ɗora shi kan sif ya manta. Ni kuwa tun muna yara muna haɗa jirgin kara da langalanga abin nan yake raina. Na daɗe ina bin sa ya sayar min yana ja min rai, sai da na sa yayan nawa ya shiga maganar sannan ya sallama. Kuɗin ma adashin da nake zubi a kasuwa na kwasa, na haɗa da na tsohuwar wayata. Uwargida har yau ba ta huce ba, don da kuɗin aka yi niyyar canja firij. Duk sanda ta ga na shimfiɗa tabarma na baje kusoshi sai ta ce "an fara". To yanzu in abin nan ya ƙi tashi ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Sai da na yi wata da watanni ina koyon tuƙin a kwamfuta kafin na taɓa shi. Na wanke tanki, na canja tiyon mai, na sa sabon fulogi lamba 8, inji ya tashi. Har na kai ina tsayar da shi a iska daidai ƙirji, wutsiya na kallona, ba ya zille min. Wani filin ƙwallo muke zuwa a bayan gari da an idar da asuba, kafin yara su taru.

Ga matsalar. Yanzu da na ɗora sitata inji ya kama, nan take farfela za ta fara juyawa alhali totur yana ƙasa. Da ba haka yake ba, sai na ɗan tura sandar totur ta rimot sama sannan ta fara motsi a hankali. In na riƙe kan farfelar da hannu sai in ji yana fizgata, inji ya shaƙe ya mutu. In kuma na sake shi ya tashi, da farko lafiya lau, da ya ɗan ɗumama na ƙara masa don ya hau sai inji ya kama ihu, jirgin kuma yana yin ƙasa. Da na sauke shi na ji ƙauri, kofin kulocin ba ya taɓuwa don zafi, ga wata baƙar ƙura a jikin firam.

Abin da ya ɗaure min kai, ta yaya abu ɗaya zai kama lokacin da ba a so ya kama, ya kuma saki lokacin da ake so ya riƙe? Asabar mai zuwa surukaina za su zo daga Gumel, kuma na riga na cika baki zan nuna musu. Don Allah a taimaka.

Na Zariya:

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Yaya, ka rage silo mana, wataƙila tirim, wato ɗan makunnin daidaita totur a rimot, shi ne ya hau ba ka lura ba. Ni dai ɗan ƙarami na batir gare ni, amma haka nake jin manya suna faɗa.

Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, babu abin ɗaure kai a nan, na ga irinsa ya fi a ƙirga lokacin da nake tashi a kulob a Ingila. Kunnuwan kulocinka sun buɗe. Bari in yi maka bayani, don na ga alama ba ka san abin da ke cikin kofin nan ba.

Kulocin dunƙulen ƙarfe ne guda, aka tsaga shi ta gefe biyu ya yi kunnuwa biyu, aka ɗaure shi da kusoshi biyu a kan cibiyar fankar da ke kan karanshaf. Ba shi da sifirin, ƙarfen kansa shi ne sifirin ɗin. In inji na silo, wajen zagaye 3,000 a minti, kunnuwan a kwance suke, akwai 'yar tazara tsakaninsu da laini, wato siririyar shimfiɗa irin ta birki da ke manne cikin kofi. Gudu na ƙaruwa sai su buɗe su cafki lainin, kofi ya juya, ƙaramin giya mai haƙori 10 da ke kansa ya ja babban giya mai haƙori 85. Wato sai inji ya zaga sau takwas da rabi farfela take zagawa sau ɗaya. In farfelarka na yin 1,900 a minti, injin ya haura 16,000. Duk ƙarfin nan ta kan 'yar siririyar lainin nan yake bi.

To duk ranar da inji ya tashi da totur a buɗe, kai kuma ka danne kan farfela, kunnuwan za su buɗe da iyakar ƙarfinsu suna gurzar lainin da ba ya motsi. 'Yan daƙiƙu sun isa. Ƙarfe ya yi zafi ya saki, kunnuwa ba sa komawa mazauninsu, shi ya sa yake kamawa a silo. Lainin kuma ya toye ya yi sheƙi da santsi, shi ya sa yake sulɓewa da nauyi ya hau kansa. Baƙar ƙurar da ka gani lainin ne yake ƙarewa. Faɗa min tsakani da Allah, yaushe ya taɓa tashi maka da totur a sama?

Baban Khalifa:

Ranka ya daɗe, na gode da bayani. Amma gaskiya ni ban taɓa yin wannan gangancin ba, kullum sai na duba sanda tana ƙasa. Abin da dai ya faru kwanakin baya, yaron da ke riƙe min rimot ya taɓa wani makunni na sama ba da sani ba, inji ya yi ƙara, amma nan take na fizge tiyon mai ya mutu. Kafin ka ce kwabo an gama. Kuma bayan nan ya ci gaba da tashi lafiya na wani lokaci. Da shi ne ai tun ranar zai nuna.

Injiniya:

To ai ka gama ba da amsa da bakinka. Makunnin nan shi ne mai ɗaga totur ya bar shi a sama ko da sanda na ƙasa, don wasan juyi a iska aka yi shi. Kuma waye yake ba yaro rimot lokacin tayar da inji? Rimot a gefen ƙafarka take zama, makunnin riƙe totur a kunne.

Sauke injin ka ciro kulocin ka ɗaga shi a haske. Tsagar nan ta kowane gefe faɗinta ɗaya ya kamata ya zama daga tushe har baki. In ka ga bakin ya fi faɗi, ya buɗe. Duba kuma gindin kunnen, wajen ramin da tsagar ta ƙare, ko akwai siririn tsatsagewa, ko ƙarfen ya yi shuɗi. Kowanne ka gani, jefar da shi ka sayi sabo da sabon laini. Kuɗinsa bai kai na farfela ɗaya ba.

Oga Mai Gareji:

Injiniya, a yi min afuwa, ina da ja. Ni ban taɓa tashin jirgi ba sai dai kallo, amma tun ina yaron shago nake kwance roba-roba, kuma kulocinta na gaba irin wannan aikin yake yi, gudu ne ke buɗe shi. Bambancin kawai namu cikin baƙin mai yake wanka, naku busasshe ne, ɗigon mai ɗaya zai sa shi sulɓi. Ku kuma injinku feshin mai yake ta ko'ina. Malam Baban Khalifa, ka fara wanke cikin kofin tas, ka goge da samfefa mai laushi har sheƙin ya tafi. Sannan ka juya kofin da yatsa ka ji borisansa. Boris ya cije, to dole kofi ya bi sandar da ke tsakiyarsa ko kuloci bai taɓa shi ba. Jirgin da ya shekara nawa a kan sif, ga ƙurar hunturu, ai giris ɗinsa ya daɗe da bushewa.

In ma kunnuwan ne suka buɗe, ka kawo min shago in matse maka su a bayis, ba sai ka jira kaya daga waje ba. Ba zan karɓi ko sisi ba.

Injiniya:

Oga, gyaran babur daban, wannan daban. Kada ka kuskura ka matse. Ƙarfen da ya riga ya saki, ka lanƙwasa shi baya, a gindin nan zai tsage. A gudu 16,000 kunne ya ɓalle cikin kofi, ko ya maƙale ya kashe inji a sama, ko ya fasa kofin. Na ga wanda ya yi haka, sai a buhu ya kwashe jirginsa. Maganar boris kuma, da boris ne da ya ji ƙarar gurza tun tuni.

Mai Batir:

Ni fa wallahi tausayi kuke ba ni, ku masu inji. Malam, sayar da shi ka huta. Na batir ba shi da kuloci kwata-kwata, injin lantarki ne ke jan babban giya kai tsaye, na'urar sarrafa gudu ta tayar da farfela a hankali, shi ke nan. Ba fulogi, ba sitata, ba daidaita allurar kafireto duk sanda gari ya yi sanyi ko zafi, ba gogar mai a jikin jirgi bayan an sauka. Ni ma da inji na fara. Kullum kayana suna warin mai, maƙwabta suka kai ƙarata wajen mai unguwa wai ina hana su barcin safe, ga neman mai kamar neman maganin da babu. Ranar da na rabu da shi sai da na yi sadaka.

Kuma tunda an zo maganar taimako, bari in faɗa. Akwai wanda ya karɓi cajata a zauren nan tun kafin azumi, ya ce kwana biyu zai yi da ita. Na kira, na tura saƙo, yana gani yana yin shiru, amma kullum yana nan yana sa hotuna. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Irin wannan ne yake sa mutum ya daina ba da aro, sai a ce ya cika rowa.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum. Ina da Raptor 30, ƙanen naka ke nan, kuma abin da ka faɗa na kamawa a silo ya taɓa samuna, ba kunnuwa ba ne. Injiniya, da girmanka, akwai abin da ba ka ambata ba. A jiragen nan fanka a kan zaren karanshaf ake murɗa ta, sannan noti ya bi baya. Sitata kuma ta wajen da zaren ke kwancewa take juya ta. Ranar da mai ya cika silinda inji ya ƙi juyawa, kai kana ta danna sitata, to fankar ce za ta warware ta hau sama, ta tura kuloci ya dafe rufin kofi. Daga nan ko inji na silo farfela za ta bi shi. Malam, ka taɓa jin sitata ta cije ta ƙi juya injin? In ta cije ba a dannawa, fulogi ake cirewa a juya inji ya tofar da man.

Duba wannan kafin ka kashe kuɗi. In ita ce, cire murfin bayan inji ka tokare karanshaf da hannun buroshin haƙori ko guntun katako, ka ɗaure fanka da noti tam da shuɗin Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa. Kada ka tokare fistin ta ramin fulogi, yana lotsa kansa. In ka mayar da inji kada ka ƙarasa ɗaure kusoshinsa sai ka juya sandar sitata baya da yatsu biyu ka ji tana tafiya sumul. In tana cijewa a wani wuri, inji bai zauna daidai da kofi ba.

Maganar "sayi sabo" kuma da sauƙin faɗa. Kayan Raptor yanzu sai an tona. Ni na yi odar laini da bel ɗin wutsiya, suka yi watanni a hanya, mai kawo kayan ya ce sun iso Yamai, na aika ɗan'uwana aka ce babu, daga baya suka fito an buɗe kwalin, bel ɗin ya yi ƙafa. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Mai kuwa ba a ma maganarsa, jirgin sama ba ya ɗaukarsa don yana cikin kaya masu kama wuta.

Malama Mai Lissafi:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Baban Khalifa, kowa yana ta hasashe ne saboda akwai abubuwan da ba ka faɗa ba. Wane mai kake zubawa? Tun da ka sayi jirgin ka taɓa buɗe kofin ko canja wani abu a ciki? Kuma nawa ne tazarar da ke tsakanin kuloci da laini? Ka auna faɗin kuloci ta kan kunnuwa, ka auna cikin kofi, ka ɗebe ka raba biyu. Duk mai gyaran inji da ke da baniya, wato ma'aunin faɗi da kaurin ƙarfe, zai auna maka a tsaye.

Baban Khalifa:

Malama, na gode. Mai dai ni nake haɗa abina, don galan ɗin da mai jirgin ya haɗo min da shi ya ƙare. Ina sayen methanol wajen masu kayan kemikal, in zuba man zurma na kemis kashi 20 cikin 100. Nitro, sinadarin nan da ake ƙara wa man don ƙarfi, babu, ban samu ba. Kuma yana aiki lafiya, sai dai na ɗan ɗaga silo kaɗan don ya daina mutuwa, kaɗan fa.

Lainin kuma na canja shi, na ɗauka ba sai na faɗa ba tunda sabo ne. Bayan abin da yaron nan ya yi na ga tsohon ya yi baƙi, sai na kankare shi. Na samu takardar gaskit mai kyau a wajen masu kayan mota, na yanka daidai, na manna da sufagulu. Ta ɗan yi kauri kuloci ya ƙi shiga, sai na naɗa samfefa a yatsa na bi cikin ina ci har ya shiga. Aiki ne mai tsafta, duk wanda ya gani sai ya yaba. Don haka ni ban zargi lainin ba sam. Na fi karkata ga maganar ɗan'uwana na Damagaram, don sitata ta taɓa cije min.

Baniya ba ni da ita. Amma da ido dai akwai tazara.

Injiniya:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wato ka toya kuloci, ka sa gaskit da sufagulu, ka ci shi da yatsa, ka cire nitro, ka ɗaga silo, sannan ka zo ka ba mu labarin firij? Da wannan ka fara ai da tuni an gama.

Saurara da kyau. Tazarar da ake nema tsakanin milimita 0.15 zuwa 0.20 ce a kowane gefe. Ido ba ya ganin wannan, yatsa kuma ba ya cin da'ira daidai. Abin da ka yi yanzu, wani wuri ya yi tudu wani ya yi kwari. Tudun yana taɓa kunne a silo, ga kamawarka. A sama kuma tudun nan kaɗai ke ɗaukar nauyi maimakon duk faɗin lainin, ya yi zafi ya toye, ga sulɓinka. Sufagulu kuma ba ya son zafi, kuma yana kamawa kafin ka gyara zaman lainin.

Yadda ake yi: ka kankare kofi har sai ƙarfe ya fito, ka karce shi da samfefa, ka wanke da methanol ɗin naka. Ka gwada lainin a bushe, ka rage tsawonsa har bakunan biyu su haɗu ba tare da sun hau juna ba. Ka shafa gam mai haɗi biyu mai jinkirin bushewa, irin JB Weld, siriri. Sai ka naɗa baƙin salatif na waya a jikin kulocin, zagaye ɗaya tak, kada baki ya hau baki, ka tura shi cikin kofin ya danne lainin, ka bar shi ya kwana. Kaurin salatif ɗin kusan shi ne tazarar da ake so. Da safe ka zare, ka ɓare salatif, ka yanke gam ɗin da ya tsatso. Amma da sabon kuloci ake wannan, ba da buɗaɗɗe ba.

Man kuma, na helikwafta nitro kashi 15 zuwa 30 yake ɗauka. Nitro ne ke sa inji ya zauna a silo ƙasa-ƙasa bai mutu ba. Ka cire shi, dole ka ɗaga silo, ka matsa kusa da gudun da kuloci ke kamawa. Man zurma zalla kuma danƙo yake bari a ko'ina.

Oga Mai Gareji:

Injiniya, a bi shi a hankali mana, neman sani ya zo. Kuma maganar sufagulu, ni na sha manna abubuwan da suke zafi da shi suka zauna shekaru, in dai an samu na kirki ba na bakin titi ba. Ba kowa ne yake da ɗan'uwa a Ingila da zai auno masa kaya ba. Mu nan da abin da ke hannu ake aiki.

Na Zariya:

Yallaɓai, ni fa akwai abin da na karanta. A cikin babban giya akwai boris mai kamawa ta gefe ɗaya, wanda ke barin farfela ta ci gaba da juyawa in inji ya mutu a sama. An ce shi ma in ya gaji yana sulɓewa, inji ya yi ihu farfela ta rage gudu, daidai yadda Yaya ya kwatanta. Ko ba zai yiwu shi ba ne?

Injiniya:

Ɗana, karatu daban, gani da ido daban. Da shi ne kofi ba zai yi zafi ba, kuma ba za a ga baƙar ƙura ba. A bar kawo ruɗani.

Malama Mai Lissafi:

Ba ruɗani ba ne, Yallaɓai, zafin kofin zai iya zuwa daga gurzar da yake yi a silo, sulɓin kuma ya zo daga wani wurin. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. A riƙe kan farfela da hannu ɗaya, a murɗa babban giya da ɗayan ta wajen da inji ke jansa. In ya ƙulle tam, an fitar da shi daga zargi. In ya zame, an samu ɓarawo na biyu. Malam Baban Khalifa, har yanzu ina jiran awon nan.

Shugaban Zaure:

Jama'a, a sassauta harshe. Mai Batir, maganar caja ka same ni ta gefe, ba nan ne wurinta ba.

Ni abin da ya tsaya min a rai Asabar ɗin nan ce. Malam Baban Khalifa, jirgin da kai kanka ka ce yana yin ƙasa ba da izininka ba, shi za ka tasa a gaban baƙi da yara? Kowane reshe na farfelar nan santimita 60 ne. A 2013 a Brooklyn ta birnin New York, wani matashi ɗan shekara 19, gwani ne ba ɗan koyo ba, jirginsa ya sare shi a ka ya mutu nan take. Ka nuna musu shi a ajiye, su ɗauki hoto, ya wadatar.

Sannan ina tunatar da kowa, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi a Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Tara jama'a ana ihu ana ɗaukar bidiyo ba shi ne abin da muke buƙata ba.

Baban Khalifa:

Na gode wa kowa, Allah ya bar zumunci. Shugaba, na ji, amma ai ba a tsakar gida zan tashe shi ba, fili ne fetal, kuma nesa zan tsayar da su.

Ranka ya daɗe Injiniya, ina ganin girmanka, amma kamar an ɗan yi min rashin adalci. Ba rowa ce ta sa na yi amfani da gaskit ba, babu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma a garin nan na Kano ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta sukutum da injin Honda Civic a 2007, duniya ta ɗauka, bai jira kaya daga waje ba. Don na yanka laini da hannuna ba zai zama laifi ba.

Daren jiya na sauke injin. Fanka a ɗaure take, na dai ƙara mata. Tsagar kulocin gefe ɗaya ta ɗan fi faɗi, to ban kai wa Oga ba don dare ya yi, na sa filaya na ɗan matsa ta a hankali, ba da ƙarfi ba. Ban ga tsatsagewa ba. Na ƙara cin lainin kaɗan. Da safen nan na tayar a ƙofar gida, farfela ba ta motsa ba sai da na ba shi wuta. Kun ga ke nan an samu ci gaba. Saura in gwada shi a sama.

Injiniya:

Wancan jirgin da kake misali da shi bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, je ka bincika. Kai kuma ka matse kunne ɗaya ka bar ɗaya, ka ƙara faɗaɗa tazara. Yanzu sai ya makara bai kama ba, in ya tashi kamawa ya fizga, kunnuwan su buɗe fiye da da. Ka kashe alamar da ke ƙasa ka ƙara ta sama. Ni dai na faɗi nawa, ba ruwana kuma.

Oga Mai Gareji:

Da filaya? Haba Malam, ai filaya tana cin jikin ƙarfe. Na ce ka kawo a sa a bayis da ƙyalle. Amma tunda ya daina kamawa, ni ina ganin ka gwada shi ƙasa-ƙasa, iya gwiwa, kai kaɗai, ka sauke ka taɓa kofin ka ji.

Ɗan Damagaram:

Ina da tsohon kuloci da kofinsa a akwati, lafiyarsu ƙalau, akwai direban da ke shiga Kano ta Maigatari duk mako. Amma ba zan aiko a banza ba sai na tabbatar zai shiga naka. Auna faɗin kulocinka da tazarar ramukan kusoshin biyu ka turo min, in gwada da nawa. Ka ƙirga haƙoran ƙaramin giyan kuma, nawa 9 ne.

Baban Khalifa:

Allah ya saka da alheri. In na taso daga kasuwa zan nemi mai baniya, in ban samu ba zan gwada da rula. Amma ina ganin ma ba sai an kai ga haka ba, bari dai mu ga gwajin gobe.

Malama Mai Lissafi:

Rula ba ta auna 0.2. Babban giyan fa, ka murɗa shi?

Sabon Shiga:

Salam, yau aka sa ni a zauren. Don Allah Baban Khalifa, a wane layi kake samun methanol ɗin, kuma lita nawa suke sayarwa mafi ƙanƙanta? Ina da injin jirgi mai fukafukai da ya daɗe a ajiye, an ce min fetur ba ya yi da irin fuloginsa.